An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Sharhinmu na yau a kan wata ɗabi'a ce da ta yi ƙarfi a tsakaninmu 'yan shekarun nan, wato leƙa ledar cefanen mutum a ga abin da ya sayo, daga nan a yanke hukunci a kan imaninsa, ko kishin ƙasarsa, ko tausayinsa. Wane ya sayi lemon kamfanin da ake ƙaurace wa, an ce bai damu da jinin Falasɗinawa ba. Wance tana girki da gawayi, an ce ita ke jawo mana hamada. An ga shinkafa 'yar waje a gidan wane, an ce maƙiyin manomi ne. Mutum bai buɗe baki ba, ba a ma tambaye shi ba, an riga an gama shari'arsa, an rufe kotu.

Kafin wani ya murɗe rediyonsa ya ce ga ɗan kanzagin kamfanoni ya zo, a tsaya a ji. Ni na yarda cewa inda mutum ya kai kuɗinsa abin tambaya ne, kuma na yarda ƙaurace wa kaya makami ne mai kaifi. A tarihin Musulunci akwai Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, wanda bayan ya musulunta ya hana a kai hatsi Makka, har Kuraishawa suka ji jiki suka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna haɗa shi da zumunci, shi kuma ya sa aka sake musu hanya. A Ingila, a 1791, mutane kimanin 300,000 suka daina shan sukari saboda bayi ne ke noma rakensa a tsibiran Karebiyan. A Akra, a farkon 1948, wani basarake mai suna Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsadar kaya, abin da ya zama ɗaya daga cikin matakan da suka kai Ghana ga 'yancin kai a 1957. Ko a yaƙin Gaza da ya ɓarke a watan Oktoban 2023 an ga tasirin abin. Bayan wakilin McDonald's a Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta, cinikin kamfanin ya ja baya a ƙasashen Musulmi, har a watan Afrilun 2024 uwar kamfanin ta sanar da cewa za ta saye gidajen abincin nan 225 daga hannun wakilin. Don haka wanda ya ce shi daga yau ya bar shan kaza saboda Gaza, Allah ya ba shi lada, ba ni da ta cewa a kansa.

Inda nake da magana shi ne lokacin da "ni na bari" ta rikiɗe ta zama "kai da ba ka bari ba maci amana ne."

Ku ɗauki gidan biki. Uwar amarya ta yi wata da watanni tana zubin adashi. Ranar yini ta aika wajen mai shagon unguwa, wanda shi kaɗai zai ba ta katan goma ta biya rabi, sauran bayan biki. Abin da yake da shi a shagon shi ya ɗoro mata a kura. Ana tsakiyar rabo sai wata daga cikin 'yan biki ta ɗaga kwalba sama ta ce, "Haba Hajiya, har da ke? Ana kashe 'yan'uwanmu ke kina ba su kuɗin harsashi?" Wuri ya yi tsit. Hajiya ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, abin da aka kawo ke nan." Kafin magariba hoton kwalbar ya zaga wayoyin dangi. Wannan baiwar Allah ba ta san wa ya mallaki kamfanin ba, ba ta taɓa ganin jerin sunayen kamfanonin da ake yawo da shi ba, abin da ta sani kawai kada a ce an zo bikin 'yarta an tashi ba a jiƙa maƙoshi ba. An ɓata mata ranar da ta daɗe tana jira, kuma ko ƙwayar shinkafa ba ta isa Gaza ta dalilin hakan ba.

Shi kansa jerin sunayen abin dubawa ne. Yau a turo maka mai suna ashirin, gobe wani ya turo mai suna ɗari, har da sabulu da omo da man goge baki, ba wanda zai gaya maka wa ya haɗa shi, ko mene ne laifin kowane kamfani. Alhali ƙungiyar BDS, wadda ƙungiyoyin Falasɗinawa da kansu suka kafa a 2005, tsarinta shi ne a zaɓi kamfanoni 'yan kaɗan waɗanda aka tabbatar da hannunsu, a matsa musu har su sauya, domin ta san dogon jeri gajiyar da mutane yake yi. Masu abin sun taƙaita, mu 'yan taya ɓera ɓari mun faɗaɗa. Sannan lemon nan da ake magana, a nan ake yin sa. Kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a Najeriya tun 1951 yake aiki, yana da masana'anta a Challawa cikin Kano. Gaskiya ne wani kaso na kuɗin yana fita waje, kuma wanda ya ƙaurace saboda wannan kason yana da hujjarsa. Amma a cikin kuɗin kwalba ɗaya akwai albashin lebura, akwai na direba, akwai ribar yaron da ke bin motoci a tasha da bokitin ƙanƙara a ka. Wanda ya auna ya ga shi ba zai bari ba, ɗan'uwanka ne da lissafinsa ya bambanta da naka.

Malamai ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai masu ganin ƙauracewar wajibi ce, akwai masu ganin abin so ce, akwai masu cewa sai hukuma ta ba da umarni take hawa kan kowa. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne Manzon Allah ya yi ciniki da waɗanda ba Musulmi ba, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Haka kuma da aka tambaye shi game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawowa, wanda ba a san yadda aka yanka shi ba, bai tura kowa bincike ba, ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan a wasiƙun Manzo Bulus, inda ya tsawatar wa masu bi da ke hukunta juna a kan abin da wani ya ci ko ya ƙi ci. Abin da malamai suka saɓa a kansa, ta yaya za a mayar da shi ma'aunin imanin maƙwabci? Munana zato da bin diddigin mutane da cin namansu kuwa, Suratul Hujurati ta hana su ƙarara, babu saɓani.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. A 1905 Turawan mulkin mallaka suka raba yankin Bengal na Indiya gida biyu, mutane suka fusata, aka tayar da gangamin ƙaurace wa kayan Ingila. Manyan 'yan boko da masu filaye su ne a gaba. Matsalar ita ce yadin Manchesta ya fi na gida araha, haka gishirin da ake shigowa da shi. Mai hali ya sayi na gida ya yi ado da shi, ya samu suna. Talakan ƙauye da ƙaramin ɗan tireda, waɗanda da yawansu a gabashin Bengal Musulmi ne, aka shiga tilasta musu, ana ƙona musu kaya, ana hana mu'amala da su. Rabindranath Tagore, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1913, da shi aka fara gangamin, amma da ya ga yadda ake yi wa talakawa sai ya ja jiki. A 1916 ya fitar da littafin labari mai suna Ghare Baire, wanda a cikinsa ya nuna yadda 'yan kishin ƙasa ke murƙushe ƙananan 'yan kasuwa da sunan ƙasa. Ko a 1921 da Gandhi ya sa ana tara tufafin waje ana cinna musu wuta, Tagore bai goyi baya ba, yana ganin ba daidai ba ne a ƙona sutura a ƙasar da mutane ke yawo da tsumma. Tilascin nan na Bengal yana cikin abubuwan da suka ƙara nisanta Musulmi da Hindu a yankin.

Ku kwatanta da abin da baƙaƙen fata suka yi a birnin Montgomery na Amurka. Bayan an kama Rosa Parks a watan Disamban 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera, suka ƙaurace wa motocin safa na birnin har kwana 381. Da yawa daga cikin masu hawa motocin mata ne 'yan aikatau, waɗanda in ba su je aiki ba ba za a ci abinci a gidajensu ba. Shugabannin gangamin sun san da haka. Sai suka tara ɗaruruwan motocin mutane suka tsara su, da tashoshinsu da lokutansu, coci-coci suka sayi wasu motocin, mata suka riƙa dafa abinci suna sayarwa ana zuba mai, har takalma aka riƙa tarawa domin masu tafiya a ƙasa. Wanda ya ce wa talaka ya bar abu, ya fara nemo masa madadinsa, ya kuma ɗauki wani ɓangare na nauyin. A nan wurinmu wa ya taɓa zuwa wajen yaron nan mai bokitin ƙanƙara ya ce, ga jari, koma sayar da zoɓo da kunun aya?

Mu dawo kan gawayi, domin a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, darajar naira ta biyo baya ta faɗi, komai ya tashi. Kilo ɗaya na iskar gas ya haura naira 1,000, litar kananzir ma haka. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne, ga wanda ma yake da albashin. Gidaje da yawa da suka saba da gas suka jingine tukunyar a lungu suka jawo murhun gawayi, wanda tsofaffinmu ke kira Abacha tun wahalar kananzir ta wancan zamani.

Ku leƙa tsakar gidan haya da hantsi. Mace ta ba yaro naira 200 ko 300 ya sayo ƙullin gawayi a baƙar leda, rabinsa gari. Ta zuba a murhu, ta yago leda ta kunna ta ɗiga a kai saboda babu kananzir ɗin da za ta yayyafa, ta ɗauki murfin roba tana fifita, idonta na hawaye, ga goyo a baya yana tari. Idan ta sauke tukunya sai ta yayyafa wa sauran garwashin ruwa ta shanya, saboda girkin dare. Wannan ita ce za a zauna a ɗakin taro mai sanyi a ce ba ta da wayewar kan muhalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Ita ce ta farko da gawayin ke cuta. Da tana da yadda za ta yi, ba sai an yi mata lacca ba.

Ba ina cewa daji ba ya ƙarewa ba ne. Yana ƙarewa, kuma abin tsoro ne. Duk mai bin hanyoyin Bauchi da Neja da Nasarawa da Kwara ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ya ga manyan motoci shaƙe da su. Har kaɗanya, wadda mata ke samun man kaɗe daga gare ta, ba a bari ba, saboda gawayinta yana daɗewa yana ci. To amma motar nan shinge nawa ta wuce kafin ta iso gari? Wa ya ba da izinin shiga dajin? Ina ma'aikatan gandun daji? Wa ke cika kwantena a Legas ana fita da gawayin Najeriya zuwa Turai da ƙasashen Larabawa, inda ake gasa nama da shi don nishaɗi? Kuma ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, har yau tana ƙona wani ɓangarensa a banza a yankin Neja Delta, yayin da matanta ke fifita garwashi. Duk an tsallake waɗannan an zo kan mai ƙullin naira 200. An bar jaki ana dukan taiki.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna mana abin da ke dawo da itace. Tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin kututturen da ke tohowa a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau, musamman gawo, har masu bincike suka ƙiyasta an samu itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, shi zai ci moriyarsa. Gori bai tsirar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ta shinkafa kuwa gajeruwa ce. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, babban dalili shi ne shinkafar Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano a sulalo da ita. Aka ce cin ta gida kishin ƙasa ne, kuma manoman Kebbi da Jigawa da Kano sun amfana, ba a musu. A watan Yulin 2024, da yunwa ta yi yawa, gwamnati da kanta ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. To magidancin da aka kira maƙiyin ƙasa jiya saboda ya sayi kwano ɗaya na wadda ta fi masa auki, yau me sunansa?

Wani zai ce, to shi ke nan, kowa ya sayi abin da ya ga dama, tunda ba mai tsarki. Ai ita ma wayar da aka ɗauki hoton lemon Hajiya da ita, batirinta akwai ma'adinin kobal, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa daga Kwango yake fitowa, kuma ƙungiyar Amnesty ta nuna a rahotonta na 2016 cewa har da yara ƙanana a cikin masu aikin haƙarsa. Cakulan da muke saya wa yara, Ghana da Kwaddibuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma wani bincike na jami'ar Chicago a 2020 ya ƙiyasta yara kimanin miliyan ɗaya da rabi na aikin wahala a gonakin. Laifi tudu ne. Amma ni ban karɓi wannan a matsayin lasisin sayen komai ba. Abin da yake nuna mini shi ne akwai bambanci tsakanin cutar da ke can nesa, a bayan hannu goma, wadda mai saye bai gani ba kuma ba shi da madadi, da cutar da ke gabansa, ya sani, kuma da ya so da ya bari.

A nan ne na ga lissafinmu ya juye. Inda ya kamata mu yi sassauci mun tsananta, inda ya kamata mu tsananta kuma mun yi shiru, har muna taya murna.

Yaro ya tare ka a gefen kasuwa yana waige-waige. "Yallaɓai, ga wata waya, kuɗin gaggawa nake nema, mahaifiyata ce ba lafiya." Wayar da sabuwarta ta kai naira 200,000, ya ce kawo 40,000. Babu kwali, babu rasit, babu caja, a kulle take, shi da ya ce tasa ce bai san lambar buɗe ta ba, sai an kai wa mai gyara ya goge ta. Ka taya 30,000 ya sallama nan take. Da yamma ka zo majalisa ka ajiye ta a kan benci, abokai suna juya ta suna cewa, "Kai mutumina, ka tsinci dami a kala!" Babu wanda ya ɗaga ta sama ya ce haba Malam, har da kai? Alhali kowa a wurin ya san yadda irin wannan waya ke rabuwa da mai ita. A Kano an soke mutane da wuƙa a kan waya, an kashe ɗalibai da magidanta, har a 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Yaron da ya zare wuƙar ya zare ta ne domin ya san akwai mai jiransa da kuɗi a hannu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar ƙasa ta tanadi ɗauri ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane ko yana da dalilin zargi, shari'ar Musulunci kuma ba ta halatta maka abin da ka san ba na mai sayarwa ba ne, ko nawa ka biya.

Haka shanu. A da, dillali a kara shi ne shaida. Ya san mai dabba, ya san rugarsa, la'adar da yake karɓa kuɗin amanarsa ce, in magana ta taso shi za a kama. Yau ana kawo sa da tsakar dare a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, a yanka kafin gari ya waye. Shanun da ake korewa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sama suke tashi ba, kasuwa suke shiga, kuɗinsu kuma ya koma daji ya zama bindiga. Abin ya kai a 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina suka rufe wasu kasuwannin dabbobi suka hana safarar shanu a mota, don a toshe wannan hanya. Mai sayen tsire ba shi da yadda zai gane naman da ke kan tukuba, ba da shi nake ba. Da wanda ya ga farashin, ya ga lokacin, ya ga fuskar masu kawowa, ya ƙirga kuɗi ya miƙa nake.

Akwai wanda ya fi waɗannan muni a wurina. Abincin nan na yara masu tamowa, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara a ƙananan fakiti, kyauta ake bayar da shi a asibiti, an rubuta a jikinsa ba na sayarwa ba ne. Hukumar UNICEF ta sha kokawa cewa ana karkatar da shi zuwa kasuwa a arewacin Najeriya. Za ka gan shi a tire a bakin titi, ka ga babba mai lafiya, da ƙibarsa, ya saya yana matsawa a baki, ko yana shafa wa burodi, wai yana ƙara kuzari. Kowane fakiti rabon wani yaro ne da hannunsa bai fi kaurin yatsu biyu ba. Wanda ya sha wannan bai da bakin yi wa kowa gorin Gaza, domin yaron da ya cinye wa abinci yana nan a bayan gidansa.

Me ya sa muke haka? A ganina saboda hukunta mai kwalbar lemo ba ya cin mana komai. Ba ka rasa kobo ba, ka samu suna, an ce kana da kishi. Amma ka ƙi wayar 30,000 alhali kana buƙatarta, ko ka dubi amininka ka ce masa wannan abin da ka saya na sata ne, wannan yana da tsada. Yana iya cin maka araha, yana iya cin maka aboki. Shi ya sa muka zaɓi mai sauƙin.

Ko a inda laifin ya tabbata, akwai yadda ake yi. Ka ja mutum gefe, kai da shi, ka ce, "Ɗan'uwa, wayar nan ba ta kwanta mini ba, mu nemi mai ita." Wanda aka yi wa haka yana iya jin kunya ya gyara. Wanda aka tsinka a gaban jama'a kuwa kare kansa zai shiga yi, ko da ya san ba shi da gaskiya, gobe ma ya ƙara don a ji haushi. Idan kuma mutum ya mayar da karɓar kayan sata sana'a, wannan ya wuce nasiha, maganar hukuma ce da shugabannin kasuwa. Shi kuma mai son mutane su bar kayan wani kamfani, hanyarsa a buɗe take. Ya yi bayani da hujja, ya faɗi abin da kamfanin ya aikata, ya nuna madadin da aljihun mutane zai iya, ya fara da kansa da gidansa. Idan bikin 'yar'uwarsa ne, ya je tun kafin ranar ya ce, "Hajiya, bar mini maganar abin sha, ni zan kawo."

Kirana ga malamanmu masu hawa mumbari da limaman coci, yadda kuka yi huɗuba a kan ƙaurace wa kayan waje, a ware Juma'a guda da Lahadi guda a kan sayen kayan sata da kayan agajin da aka karkatar, a kira su da sunansu. Shugabannin kasuwannin waya, a hana karɓar waya ko goge ta sai da rasit ko shaidar mai ita. Sarakunan pawa da shugabannin kara, a dawo da dillali matsayinsa na shaida, dabbar da ba a san mai ita ba kada ta kwana a hannunku. Kai kuma mai sauraro, ka bar wa maƙwabciyarka murhunta har ranar da za ka iya cika mata tukunyar gas. Amma duk ranar da aka miƙo maka kaya a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, ka tambayi inda aka samo shi, in amsar ba ta gamsar da kai ba ka mayar da kuɗinka aljihu.